Kitsattsen zaren fatsa: abin da na gane a ruwan Galma da Kubanni

Da yawa daga cikin masu fatsa a Zariya duk zaren da ba na roba ba suna yi masa kuɗin goro, alhali akwai bambanci. Zaren nailan da masunta ke saƙa koma da shi murɗaɗɗe ne, yana shan ruwa, yana kuma miƙewa. Wanda ake sa wa injin naɗi kuwa kitsattse ne, silili huɗu ko takwas ake kitsawa su zama zare guda.

Sililin da ke ciki shi ne tushen magana. Na da can da Dacron ake yi, wato foliyesta. Yana da kauri, yana riƙe ƙulli, yana da araha, amma yana cika kwarkwaron inji da wuri. Na yanzu kusan duk da wata irin foliyetilin ake yi, shi ya sa za ka ga PE a jikin kwali. Sunaye biyu suka fi fitowa: Dyneema, wanda kamfanin DSM na ƙasar Holan ya fito da shi, da Spectra, wanda kamfanin Honeywell na Amurka ya riƙa yi. Asalinsu ɗaya, don haka ban taɓa zaɓen zare saboda ɗayan sunayen nan ba. Ingancin kitson nake dubawa.

Halin PE shi ne ba ya shan ruwa, yana tasowa sama, kuma miƙewarsa ba ta wuce kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari ba, inda zaren roba kan kai kashi 20 ko fiye. Da karfasa ta taɓa tana za ka ji a hannunka. Wanda aka rubuta 20lb a kwalinsa, wato wajen kilo 9, kaurinsa bai fi na zaren roba mai 6lb ba. Amma rashin miƙewar nan tana da illa: idan babbar tarwaɗa ta fizga kuma birkin inji a ɗaure tamau, ƙugiya za ta buɗe ko ta yage bakin kifin. Ni ina sassauta birki, in bar sanda ta shanye fizgar.

Mai silili huɗu yana da kaushi, kana jin ƙararsa a zoben sanda. Wannan kaushin ne amfaninsa a gefen da kacalla da bado suka cika, domin yana datse ciyawa kamar zarto. Mai takwas ya fi santsi da zagaye, yana tafiya nesa idan ka jefa, shi ya dace da sararin ruwa irin na dam. Sai dai sililinsa sun fi siranta, ba ya jure goga, kuma ya fi tsada. Akwai kuma wanda aka haɗe sililinsa da zafi, kamar FireLine, mai ɗan tauri yana sabo, abin da ke rage cukurkuɗewa lokacin iskar hunturu.

Dukansu dutse ne ajalinsu. Zaren da ba za ka iya tsinkawa da hannu ba, gefen marmara zai yanka shi nan take idan yana a miƙe. Saboda haka nake ƙara zaren roba mai kauri 0.40 zuwa 0.50 na milimita, tsawon mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, tsakanin kitsattsen da ƙugiya. Shi ke shan gogar dutse da ƙayar kurungu.

Wajen naɗi ne mutane suka fi yin asara. PE yana da santsi, idan ka ɗaura shi kai tsaye a kwarkwaro, duk naɗin zai riƙa juyawa gaba ɗaya, ka zaci inji ne ya lalace. Fara da zaren roba kamar mita 10, ka ƙulla kitsattsen a kansa, ka naɗe da ƙarfi ta cikin jiƙaƙƙen tsumma, ka tsaya saura milimita 2 ko 3 a kai baki. Naɗi sako-sako yana sa zaren ya nutse cikin kansa ya maƙale.

Ƙullin da aka saba yi wa zaren roba yana zamewa a nan. Ka ninka zaren biyu ka yi ƙullin Palomar, ko ka ƙara zagayen ƙullin da ka saba zuwa takwas ko goma. Jiƙa shi kafin ka ja, domin PE yana narkewa a wajen digiri 145, zafin goga kaɗai yana raunana shi. Idan ƙugiya ta maƙale a ƙasa, kada ka kuskura ka naɗa zaren a yatsa, yana yanka har nama. Naɗa shi a guntun itace ka ja.

Kodewar launi ba alamar lalacewa ba ce, PE ba ya kama rini, fentin sama ne ke gogewa. Abin dubawa shi ne gashi-gashi a jikin zaren. Da ka gan shi, yanke wurin da almakashi mai kaifi. Idan gaban ya tsufa, juya zaren, ƙarshen da ke ƙasan kwarkwaro sabo ne fil.