Abin da lakar Kogin Challawa ta koya mini

A shekarata ta ƙarshe a jami'a aka ba ni aikin kwaikwayon Kogin Challawa na Kano a kwamfuta: in dagwalon masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa ya shiga ruwa, ina zai kai, kuma da wane ƙarfi?

Na fara da lissafin da kowane ɗalibi ke farawa da shi, wanda wasu masana biyu, Streeter da Phelps, suka fitar a 1925 a kan Kogin Ohio na Amurka. An gina shi ne don ƙazantar da ke ruɓewa: ƙwayoyin cuta su cinye ta, iskar oksijin ta ragu, can gaba kogi ya farfaɗo. Sai na ɗora kuromiyam, sinadarin da ake jima da shi, a kan irin wannan tunani. Samfuran ruwan da na ɗebo da rani ma kamar sun goyi bayana, don ina yin nisa da masana'antun, kuromiyam ɗin yana raguwa a cikin ruwan.

Wani dattijo mai lambu a bakin kogin ne ya tsayar da ni. Ya ga ina cika kwalabe, ya ce, "Yaro, ruwa kawai kake ɗiba? Tona ƙasa ka gani." Na tura sanda, laka ta fito baƙa ƙirin, tana wari.

Ashe kuromiyam ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya ruɓewa. Kuromiyam manne wa ƙwayoyin laka yake yi, ya kwanta a gindin kogi duk inda ruwa ya lafa. Abin da na ɗauka ɓacewa ne, ajiya ce. Damina na sauka, ruwa ya yi ƙarfi, ya tayar da lakar, ya shimfiɗa ta a fadamun da ake noman latas da tumatir, saura kuma ya bi hanyar Wudil zuwa Haɗeja. Wannan ya hana ni barci, domin da an yi aiki da lissafina na farko, da an ce wa masu lambun da ke can gaban kogin hankalinsu ya kwanta.

Na rushe aikin, na raba shi gida biyu, rani daban, damina daban, na ba laka nata lissafin. Da ruwan farko ya sauka na koma wajen dattijon, wannan karon da bokiti da shebur.