Naira, kuɗin ruwa da manomin rani a Sakkwato

Masana tattalin arziki kan ce faɗuwar darajar kuɗin ƙasa tana bunƙasa fitar da kaya waje, amma a ƙasashe masu tasowa maganar ba ta tsaya nan ba. Tun da Babban Bankin Najeriya ya sakar wa kasuwa farashin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024. Ɗan kasuwar da ke ƙetara iyakar Illela zuwa Nijar da kaya yana karɓar sefa ya ga riba, manomin albasa na Goronyo kuwa, wanda injin ban-ruwansa da maganin feshinsa daga waje suke zuwa, shi ya ji jiki, ga tsadar fetur bayan cire tallafi.

Bankin ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kashi 27.5 cikin ɗari a Nuwamban 2024 domin rage hauhawar farashi. A ganina wannan mataki masu masana'antu ya fi matsewa, domin ƙaramin manomi wurin dillali yake cin bashi. Abin da zai ƙara masa amfanin gona shi ne kason da jihohi ke karɓa daga tarayya ya shiga gyaran magudanan ban-ruwa da hanyoyin karkara.