Tarihin Rayuwata, Kashi na Goma Sha Ɗaya: Azumin da Alƙalamina Ya Tsaya

A makon jiya na tsaya a inda na koma sakin labaraina a zaurukan WhatsApp, bayan kasuwar littattafan bugawa ta ja baya har dillalan Sabon Gari suka fara dawo mana da kwalaye ba a ko kwance su ba. A wannan hali shekarar 2020 ta same ni, ina tsakiyar wani dogon labari da nake sakin shafi biyu daga cikinsa kowane dare bayan sallar isha'i.

Lokacin da aka sanar da samun mai cutar korona na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu, mu a Kano mun ɗauke ta cutar masu hawa jirgi, kuma ni kaina na yi wannan zolayar a zauren makarantana. Ranar 11 ga Afrilu aka tabbatar da ita a Kano, ranar 16 gwamnatin jiha ta kafa dokar kulle, washegari Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, ya rasu, sannan muka ɗauki azumi ranar 24 ga watan, masallatai a rufe. Kwana uku bayan haka Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar kulle na mako biyu.

Ba zan ɓoye ba, da farko murna na yi, domin shekara da shekaru ina kukan rashin lokaci, ga shi an hana biki, an hana suna, an rufe makarantu. Sai dai ban yi mako guda ba na gane cewa a waɗannan wuraren da nake ganin suna cinye mini lokaci nake tsinto labaraina. Habaicin kishiyoyi a gidan biki nake jin sa, ƙorafin matan aure kuma a cikin adaidaita sahu, kuma da aka toshe waɗannan ƙofofi sai bakin jarumaina ya mutu, kowa ya koma magana da irin muryata. Ga maigida da yara huɗu a gida dare da rana, ranakun Litinin da Alhamis da aka sassauta daga baya kuwa a layin cefane suke ƙarewa.

Ana cikin haka mace-mace suka ɓarke a gari, yawanci na dattawa, har ya zama mutum yana fargabar ɗaga waya idan ta yi ƙara da asuba. Kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda shi ne ya fara saya mini littafin karatu ina firamare, yana cikin waɗanda suka tafi. Ciwon sukari ya daɗe yana fama da shi, kuma a daren da jikin ya rikice an zaga da shi asibiti uku ba a karɓe shi ba. Mutane ƙalilan ne suka kai shi makwancinsa, ba a yi zaman makoki ba, ni kuma ta waya na yi wa mahaifiyata gaisuwa alhali tsakanin gidana da nata bai wuce tafiyar minti ashirin ba. "Inna, ya haƙuri?" na ce mata. Ta amsa da "Haƙuri sai Ma'aiki, 'yar nan," muka yi shiru har katin ya ƙare. A watan Yuni ministan lafiya na tarayya ya ce daga cikin mace-mace 979 da aka bincika a Kano, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da cutar, amma babu wanda ya gwada kawuna, saboda haka har yau a gidanmu ciwon ajali muke cewa.

Shafin da ya kamata in saka a wannan makon shi ne na mutuwar mahaifin jarumata. Tun farkon labarin na tsara haka, domin sai ya kau za a raba gado, rikicin da littafin ya dogara a kansa ya tashi. Kafin nan na kashe iyaye da mazaje da dama a rubuce, wasu da hatsarin mota, wasu da hawan jini, a sakin layi ɗaya, don kawai in buɗe wa labari hanya, ban taɓa jin ko ɗar ba. Wannan karon na zauna da waya a hannu dare tara ban iya rubuta jimlar ba.

Makaranta suka yi ta aiko da saƙo, "Anti, yau ma shiru?", wasu har da tuna mini cewa sun biya kuɗin karatu. A dare na goma wata baiwar Allah da ban san ta ba ta rubuto mini ta bayan fage, ta ce ta hango inda na dosa, kuma tana roƙona in bar mata tsohon nan da rai, domin nata mahaifin kwana huɗu ke nan da binne shi.

Na bar shi da rai. A ma'aunin sana'a kuskure ne, domin rabon gado ya rushe, na shafe babi shida ina lalube, kuma har yanzu ina ganin rabin littafin na biyu bai kai na farko ƙarfi ba. Ranar ƙaramar salla, 24 ga Mayu, wadda aka yi babu hawa babu yawon gaisuwa, na saki shafin da dattijon ya tashi daga jinya ya nemi a dama masa kunu. Yadda na warware labarin ba tare da gawa ba, da rigimar da hakan ta jawo tsakanina da wata abokiyar rubutuna, su ne za su zo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.