Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kyandir Huɗu a Cikin Tasa

A makon jiya na tsaya inda muka tare a unguwar Zariya ta Maraɗi, ni da maigida da yara uku da Inna, surukata, wadda ciwon ƙafa ya rabo ta da ƙauye. Yau zan faro daga wata tambaya da ta hana ni barci.

Azumin Ramadan na 2016 a watan Yuni ya kama. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Alhaji, don haka da asuba muna jin motsin tukwanen sahur, da magariba kuma ƙamshin ƙosai ya tsallako. Hajiya, Allah ya saka mata, ba ta taɓa shan ruwa ba tare da ta aiko mana da kwanon kunun tsamiya ba. Wata rana babban ɗana, lokacin yana ɗan shekara 9, ya ɗago kai daga ludayi ya ce, "Mama, su addininsu har madafa yake shiga. Mu namu a coci yake kwana?"

Na buɗe baki, na rasa ta cewa. Yaron bai yi ƙarya ba. Ran Lahadi mu yi wanka mu nufi katidiral ɗin Uwargidanmu ta Lurd, mu ga Fada da koren tufafi ko fari ko shunayya, mu dawo gida, shi ke nan sai wata Lahadin. Ni da na tashi a hannun katakis, mai koyar da addini, a Dogondutsi na san abin da kowane launi yake nufi, amma ban taɓa zaunar da 'ya'yana na gaya musu ba. A nan Maraɗi mu 'yan kaɗan ne, dayosis ɗinmu ma, wato yankin da bishof yake kula da shi, sai a 2001 aka yanke ta daga Yamai, aka ba mu Bishof Ambroise Ouédraogo. Yaron da ya tashi a irin wannan gari, in bai ga lokutan addininsa a tsakar gidansu ba, titi ba zai nuna masa ba.

Sai na ƙudura cewa sabuwar shekarar Ikilisiya ba za ta wuce mu a ƙofa ba. Ita ba a Janairu take farawa ba. Tana farawa ne da Lahadi huɗu na jiran zuwan Almasihu, kuma a wannan shekarar ta farko ta faɗo ran 27 ga Nuwamba. A coci ana ajiye zoben ɗanyen ganye da kyandir huɗu, uku shunayya ɗaya ruwan hoda, kowace Lahadi a ƙara kunna ɗaya. Na ce nima sai na yi nawa.

Ganyen da Turawa suke amfani da shi ba ya tsirowa a ƙasarmu, don haka na aiki yara suka karyo mini rassan dogon yaro na ƙofar gida. Na murɗa su da waya, na kafa kyandir, ya yi kyau har na kira maigida ya gani. Abin da na manta shi ne hunturu. Kwana uku kacal ganyen ya bushe ƙayau. Daren Laraba muna cikin addu'a, iska ta turo labule, kyandir ya kwanta, kafin mu ce me wuta ta lashe zoben ta kama gefen tabarma. Maigida ne ya yi wuf ya juye butar ruwa. Auta ta fashe da kuka, ni kuwa jikina sai rawa yake, don keken ɗinkina da atamfofin mutane na Kirsimeti duk suna ɗakin.

Inna tana daga kan gadonta tana kallo, ba ta ce uffan ba. Da safe ta kira ni.

"'Yata, samo mini kaba da tsohuwar tasar nan ta silba. Ki aiki yaro gulbi ya ɗebo rairayi."

"Inna, ai a coci ɗanyen ganye ake sawa."

"A coci akwai mai gadin kyandir. Ke kina da auta."

Ta jiƙa kabar ta yi laushi, ta zauna ta miƙe ƙafar nan mai ciwo, yatsunta suna tafiya kamar ba na tsohuwa ba. Kafin azahar ta saƙa zobe mai kauri irin gammon ɗaukar tulu. Ta cika tasa da rairayi, ta dasa kyandir huɗu a ciki har rabinsu, ta kewaye bakin tasar da zoben, nesa da harshen wuta. Kyandir ɗin mai shago duk farare ne, na dala ashirin-ashirin. Na buɗe buhun ƙyallayen da suke raguwa daga ɗinki, na samo shunayya na ɗaure gindin uku, na huɗun na ɗaura masa guntun leshi ruwan hoda da ya rage daga kayan wata amarya. Ni dai har gobe ban ga zoben da ya kai wannan kyau a idona ba, har da na hotunan kalanda.

Daga nan kowane dare bayan tuwo sai mu kashe ƙwai, ko da akwai wuta, mu zauna kewaye da tasa. Maigida ya karanta ɗan abin da aka karanta a Misa, mu yi addu'ar Ubanmu da ta Gaisuwar Maryamu, kowa ya ambaci mutum ɗaya da yake yi wa addu'a. Ba ya wuce minti goma, in ya wuce yara sun fara gyangyaɗi. A Lahadi ta biyu an karanta inda annabi Ishaya yake cewa kyarkeci zai zauna da ɗan rago. Yara ba su san kyarkeci ba, sai Inna ta ce musu, "Kura ce da akuya a garke ɗaya." Auta ta zaro ido ta ce, "Kaka, kurar ta ƙoshi ne?" Maigida ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ɗauki lokaci yana yi mata bayanin irin salamar da ake jira.

Komin jariri Yesu kuwa, wato siffar wurin da aka haife shi, wata 'yar ƙungiyar mawaƙanmu, mutuniyar Burkina, ita ta koya mana. Ta ce a Wagadugu yara ne suke gina shi da tubalin laka a ƙofar gida. Fada ya taɓa gaya mana cewa Waliyyi Faransis na Asisi ne ya fara shirya irinsa a wani ƙauyen Italiya a 1223, da sa da jaki masu rai. Namu na laka ne. Yara suka yi gwangwanin sardin ya zama ma'aunin tubali, suka shanya a rana, suka gina ɗan ɗaki a gindin katanga, suka rufa da karan gero. Jakin da suka mulmula kunnensa ɗaya ya karye, aka bar shi a haka. Na hana a sa jaririn sai daren 24 ga wata, siffofin masanan nan uku da suka zo gaishe shi kuma muka ajiye su can bakin randa, kullum a matso da su taku ɗaya, don sai farkon Janairu suke isowa. Wannan jiran shi ya fi ba yara wuya. Sau biyu ina kama auta ta sato jaririn daga cikin kwallata ta kwantar da shi.

Ran Lahadi ta uku, 11 ga Disamba, muka kunna mai ruwan hoda, kyandir ɗin murna. Ana cikin haka ɗan Hajiya ya shigo maido da kwano, ya tsaya daga bakin ƙofa yana leƙe. Ina jin sa yana tambayar babban ɗana a hankali ko wuta aka ɗauke mana. Shi kuwa ya kama hannunsa ya ja shi har gaban tasa, yana nuna masa da yatsa.

"A'a, jira muke yi. Ka ga, mun kunna uku. Saura ɗaya a yi mana salla, kuma Baba ya ce Malam ne zai yanka ragon don ku ma ku ci."

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan faɗa muku yadda kabar da ke maƙale a saman ƙofarmu tun Lahadin Dabino ta koma toka a goshinmu, da rigimar da aka yi a gidan nan kan kilishi ran wata Juma'a.