Nasiru da shafukan neman aiki

Talata. Zafi tun ƙarfe tara na safe. An zuba lintar gidan Arkilla kafin rana ta ɗaga, Malam Garba ya sa yara sun lulluɓe ta da jiƙaƙƙun buhuna. Tifar yashi sai bayan azahar ta iso, direba ya ce layin mai. To.

Maganar Nasiru ce ta hana ni sakat. Ya same ni bayan la'asar a shagon Alhaji Ummaru ina tambayar kuɗin rodi, ya gaishe mu, ya zauna a kan buhun siminti, ya miƙo mini wayarsa. Ya yi rajista a shafukan neman aiki, ya sa hotonsa da hular kwano, ya rubuta gini, filasta, tayil, rufi. Ya ce, "Kawu, don Allah wanga abu yana kawo aiki kuwa, ko data kawai nika ƙonewa?"

Na ce masa ya fara raba su, don ba abu ɗaya ba ne. Irin su Jobberman da LinkedIn an yi su ne don mai neman aikin albashi: a karɓi takardunka, a kira ka ganawa, a biya ka ƙarshen wata, kuma yawancin guraben na Legas ne da Abuja. Ɗan kwangila ba shi da kujera a wurin. Amma akwai abin da nake duba musu. In ka ga wani kamfanin gine-gine ya sa sanarwa yana neman injiniya ko mai kula da sito wanda zai zauna Sakkwato ko Birnin Kebbi, to kamfanin ya samu aiki a nan ne, kuma nan da 'yan makonni zai nemi mai kawo bulo, yashi, tsakuwa da leburori. Kada ka tura takardar neman aiki. Ka bincika inda suka kafa sansani, ka je da ƙafarka da farashinka a rubuce, kafin wani ya riga ka. Nasiru ya ɗan yi shiru, ya ce bai taɓa karanta su ta wannan fuskar ba.

Sai ya buɗe mini ɗaya shafin, na tallace-tallace, inda mai gida ke kiran mai aiki kai tsaye. Nan ne zuciyarsa ta ɓaci, kuma nan muka daɗe. Kiran yana zuwa, ba laifi. Amma tambayar kullum ɗaya ce: nawa za ka gina mini ɗaki uku da falo? Babu zane, babu girman fili, ba a faɗi unguwa ba. Alhali tushen da za ka tona a kan tudu mai jar ƙasa daban yake da na gefen fadama wajen gulbin Rima, inda ƙasa ke kumbura da damina ta tsage da rani. Bulo mai inci tara ne ko mai shida? Rufin kwano ne ko na kankare, wato dakin? Duk murabba'in mita ɗaya na bango yana cin bulo wajen goma, saboda haka ƙarin tsawon ɗaki da mita ɗaya kawai yana taɓa bulo, siminti, filasta, fenti da katakon rufi gaba ɗaya. Wanda ya yanke kuɗi a waya bai ga waɗannan ba, ko dai ya faɗi da yawa ya kori mutum, ko ya faɗi kaɗan ya ci bashi a tsakiyar aiki.

Wani mutum daga Mabera ya sa Nasiru ya zauna ya fitar masa da ƙiyasi dalla-dalla, buhu nawa, rodi nawa, tifa nawa, har ƙusa da wayar ɗauri. Ya tura masa ta WhatsApp. Mutumin ya ce zai yi shawara da iyali, daga nan ya daina ɗaga waya. Da Nasiru ya bi ta layin, sai ya tarar ana gini, wani birkila ne a kai, kuma takardarsa ce a hannun yaron da ke sayo kaya. Yana ba ni labari yana dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

Na ce masa a waya ana faɗin tsakanin kaza da kaza ne kawai. Ƙiyasi mai dalla-dalla sai an je an ga fili, an auna, kuma a biya kuɗinsa, in an ba ka aikin a cire daga ciki. Mai niyyar gini ba ya gudun wannan. A raba kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, don in siminti ya tashi a san wanda zai ɗauki bambancin. A rubuta a ƙasan takarda cewa farashin na mako ɗaya ne. Ga masana'antar simintin BUA nan Kalambaina a bayan gari, amma hakan bai taɓa hana buhu canja kuɗi tsakanin Litinin da Juma'a ba. Biya kuma mataki-mataki: tushe zuwa dipisi (inda tushe ya ƙare, mai tare danshi), dipisi zuwa linta, rufi, sannan filasta da sauran ƙarashe, kowane mataki a karɓi kuɗinsa kafin a fara, da sa hannun shaidu biyu.

Kada in zalunci shafukan, suna da inda suke ci. Ƙananan ayyuka masu iyaka, irin tayil, fenti, silin, haɗa sola, walda ta ƙofa da taga, suna fitowa daga can sosai, don mai gida yana iya ganin hoto ya gane hannu. Haka 'yan garin nan da ke zaune Abuja ko Saudiyya suna gini a gida. Su babbar damuwarsu kada ɗan'uwa ya cinye kuɗin, saboda haka mai tura musu bidiyo a kowane mataki, da rasit na kaya, shi suke riƙewa har su haɗa shi da abokansu.

Alhaji Ummaru ya kawo mana ruwan sanyi. Rodi ya ƙara kuɗi, ya ce ba laifinsa ba ne.

Daga nan Nasiru ya nuna mini wata takarda da aka turo masa, mai tambari da hatimi, wai an zaɓi kamfaninsa don gina azuzuwa, ya biya kuɗin rajista kafin Alhamis. Lambar asusun da sunan mutum take. Na ce ya goge. Ba a ba ka kwangilar da ba ka nema ba, kuma kuɗin da za a biya ma'aikatar tarayya asusun gwamnati yake shiga, ba na mutum ba. In kana shakka, ofishin yana da ƙofa, ka je sashen sayayya ka tambaya.

Kwangilar gaske ta gwamnati yawanci ana tallata ta, haka dokar sayayya ta tarayya ta 2007 ta tanada, wadda ta kafa BPP, hukumar kula da sayayyar gwamnati. Tana fitowa a Federal Tenders Journal da manyan jaridu irin Daily Trust, kuma akwai shafukan da ke kwaso sanarwar su tara wuri ɗaya. A nan intanet ta yi rana, don da sai ka sayi jarida kullum ko ka yi ta zarya allon sanarwa, yanzu kana kwance za ka ga aikin TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, a jami'ar Ɗanfodiyo ko kwalejin Shehu Shagari, ko azuzuwan SUBEB, hukumar ilimin matakin farko ta jiha. Sai dai ganin sanarwa shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Za a nemi rajistar kamfani ta CAC, shaidar biyan haraji ta shekara uku, takardun hukumomin fansho (PENCOM), horar da ma'aikata (ITF) da inshorar ma'aikata (NSITF), shaidar rajista a kundin BPP, lissafin kamfani da akanta ya tantance, rantsuwar kotu, wasiƙar banki. Yawancin takardun nan ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, shi ya sa sanarwar farkon shekara take kama mutane da yawa hannu rabbana. Ambulan biyu ake yi, na takardun cancanta daban, na farashi daban, kowanne a manne, a sa su cikin na uku. Takarda ɗaya ta ɓace ko ta tsufa, ba za a ma buɗe farashinka ba, komai arharsa.

Ko ka ci, kuɗin kafin alƙalami ba kyauta ba ne. Dokar 2007 ta ce kada ya wuce kashi 15 cikin ɗari, daga baya aka ɗaga zuwa 30, amma sai banki ko kamfanin inshora ya tsaya maka. Ga harajin VAT kashi 7.5, ga harajin da ake cirewa tun daga tushe, ga kashi 5 da aka saba riƙewa sai an yi wata shida an ga gini bai tsage ba. Wanda bai sa waɗannan a lissafi ba zai gama aiki ya ga ribar ta tafi. Na ƙungiyoyin agaji ma haka. Rajistar farko a UNGM, shafin sayayya na Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ce, kuma UNICEF tana da ofis a nan Sakkwato, ana fitar da aikin rijiyoyin burtsatse da banɗakunan makarantu a yankin nan. Amma za su tambaye ka ayyuka makamanta da ka kammala, da takardar shaida, kuma sau da yawa sai ka yi da kuɗinka a biya ka daga baya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Alhaji Ummaru da ke saurare ya ce, "Ku bar wahal da yaro. Kwangila a garin nan wurin ɗaurin aure da zaman makoki aka ba da ita." Muka yi dariya har da yaran shago.

Nasiru bai yi ba. Ya ce, "To Kawu, wanda ba shi da kowa hwa?"

Wannan ce ta biyo ni gida. Yaron ya yi karatun gini, ya iya karanta zane fiye da wasu da ke hawa manyan motoci da sunan kwangila, layinsa a miƙe yake, ba ya satar siminti a kwaɓi. Ya shiga shafukan nan ne don an ce masa a can ba a tambayar ɗan wane ne kai. Gaskiya ne ba a tambaya. Ana tambayar ayyuka uku da ka gama, kuma ayyuka ukun farko a hannun wanda ya san ka suke fitowa. Tun Yaya Asabe na da rai take cewa a riƙa jan shi a jiki, ga shi yanzu waya yake bi tana jan shi.

Abin da na iya ce masa a wurin: ya karɓi jinga ƙarƙashin babban ɗan kwangila, ko ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma da sharaɗin a ba shi wasiƙa da sunan kamfaninsa, mai faɗin irin aikin, wurinsa, kuɗinsa da ranar gamawa. Mutanenmu suna gama jinga su karɓi kuɗi su tafi, babu ko layi ɗaya a rubuce, bayan shekara biyar ba su da abin nunawa. Ya ɗauki hoton kowane mataki daga kusurwa ɗaya, tun daga tona tushe. Ya buɗe asusun banki da sunan kamfani, kuɗin aiki su riƙa bi ta ciki, don wasiƙar banki daga nan take fitowa. Tallan da yake biya a ɗaga masa sama ya tsayar da shi, ya bar na kyauta, ya rage jerin ayyukan zuwa biyu da ya fi ƙwarewa a kai.

Wuta ta zo ƙarfe takwas ta koma tara da rabi. Tuwon Maman Sadiq da miyar kuka. Sadiq ya ci jarrabawar lissafi, yana ta nuna wa kowa.

Katangar gidan Dambuwa ba a ba kowa ba tukuna, mita sittin ce da ƙofa ɗaya. Gobe in Allah ya kai mu zan yi wa Alhaji Bello magana a ba Nasiru, kuma wasiƙar ni zan rubuta ta da kaina in kai masa ya sa hannu, don in aka bar wa Alhaji sai bayan Sallah.