Daren da waƙar Mama ta dawo

Wata uku ke nan da rasuwar Mama. Jiya da dare aka ɗauke wuta a Narayi, na zauna bakin gadonta da tocila, na buɗe Littafi Mai Tsarki nata. Ta ja layi da jan biro a Yohanna 14:26, inda Yesu ya ce Mai Taimako, Ruhu Mai Tsarki, zai koya mana kome, ya kuma tuna mana maganarsa. Ni da addu'a ta gagare ni makonni, sai ga ni ina rera waƙarta ta Zumuntar Mata, har baitin da na ɗauka na manta. Hawaye kam sun zuba, amma zuciyata ta yi sanyi.

Ƙanwata ta leƙo: "Yaya, lafiya?" Na ce zo ki zauna.