Yadda zauren ajinmu ya hana ni barci a zaɓen 2023

Ni ne wakilin ajinmu a lokacin, don haka zauren WhatsApp ɗinmu a hannuna yake. Ba mu gama farfaɗowa daga yajin aikin ASUU na wata takwas ba, sai hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta ce a rufe jami'o'i daga 22 ga Fabrairu zuwa 14 ga Maris. Ga wahalar takardun Naira. Wuni na yi wurin mai POS kafin na haɗa kuɗin motar gida.

Zauren da muka buɗe don sanarwar lacca ya koma filin daga. Ɗan jar hula ya jefo magana, magoyin bayan Obi ya rama, wani ya turo hoton sakamakon da ba wanda ya san rumfar da ya fito. Tun daga daren Asabar ɗin da aka yi zaɓe nake latsa IReV, shafin da hukumar zaɓe ta INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa. Har asubahin Laraba da shugaban INEC na lokacin, Farfesa Mahmood Yakubu, ya bayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci, waya na bisa ƙirjina, kaina na sarawa.

Umma ce ta fara lura, da ta ga tuwon dare ya kwana a kwano.

"Auta, kai aka tsayar takarar ne?"

Daga ranar, ana idar da isha'i take karɓe wayar ta jefa cikin langarta, sai na dawo masallaci da asuba. Daren farko na yi ta juyi kamar mai zazzaɓi. Na uku ban san inda kaina yake ba.

Malamin da ke kula da ajinmu, wanda shi ma ya ce ya fice daga zauren malamai saboda hawan jini, shi ya ba ni shawarar kulle namu daga tara na dare zuwa safiya, in kuma goge duk sakamakon da INEC ba ta faɗa ba. Na sha zagi. Na kuma tafka kuskure: saƙon wani abokina ɗan Inugu na fara gogewa, na bar na wanda ya tsokane shi, don ra'ayinmu ɗaya. Sai bayan ƙaramar salla ya sake amsa gaisuwata.

Zaɓen gwamna da aka ɗage zuwa 18 ga Maris, na kaɗa ƙuri'ata na dawo na taya Umma tankaɗe. Sakamakon a rediyon Baba na ji shi, ina shan koko.